Sun Toshe Kafar

Daren Talata suka toshe kafar.
Mun kwana attajirai, mun tashi talakawa,
mu shida, ƴan fadar bakin tashar Tawa,
manoman albasa a cikin salula.

Dabarar ba wuya: ka shuka,
ka tura agogon waya gaba,
kwana casa'in su wuce kafin shayi ya tafasa,
ka girbe, ka sayar, ka mai da agogo baya.
Sidikku ya gano ta tun kafin azumi.
Da ita ya sai tarakta uku da rijiya mai inji,
shi da ko jaki babu a gidansu.

Da safe wasa ya ce a sabunta.
Muka sabunta, da kuɗin katinmu.
Ka tura agogo har shekara ta zagayo,
albasa na nan tsaye, ɗanya shar,
tana kallonka kamar ka ci bashinta.

Agali ya ce, kwaɗayi ne, ba wani abu ba.
Ku duba shagonsu, taki ya fito,
buhu guda jika biyu, kuɗi na gaske.
Wanda ya cike maka rijiya
da tulu a kafaɗa yake dawowa.

Sidikku ya ce, ni suka gani.
Sunana ya hau kan jeri, na huɗu a duniya,
suka tambaya, ina ne Adar?
Da suka same ta a taswira, ransu ya ɓaci.

Illa bai ce komai kan masu wasa ba.
Ya dai ce ƙwai ba ya fashewa sai da dalili,
wani cikinmu ya kai tsegumi,
ya dubi Hamidan, Hamidan ya dubi butar shayi,
kofi na biyu ya zagaya ba mai godiya.

Fassuma da ke karatun na'ura a jami'a
ta zo karɓar wayarta daga caji.
Ta ce, ƙila wani yaro ne kamarku,
ciwon kai na damunsa, maigida na tsaye a kansa,
ya ɗinke ɓarakar don a bar shi ya tafi gida.
Bai san da ku ba.
Wannan ta fi ta Agali zafi.
Gara a ce maƙiyi gare mu a ƙetaren teku
da a ce ba wanda ya san mun taɓa yin arziki.

Ni na yi shiru, don rumfar cajin tawa ce.
Makon jiya na iske wata waya siririya
an ja ta ta bayan kwano, daga batirina
zuwa inuwar da suke zama.
Na yanke, na naɗe da salatif, ban faɗa wa kowa ba.
Har yau ban san me suka ce a kaina ba:
rowa, ko hassada, ko mugun hali na gado.
Batir ɗin ne ke mutuwa kafin la'asar.

Magariba ta yi. Sidikku ya gyara agogonsa
don kada salla ta kuɓuce masa,
ya shuka sabon iri, ya kife wayar a tabarma.
Saura kwana uku, in ji wasa.
Uku na gaske, irin na babansa a fadama.