Mai Ɗinkin Buhu a Dawanau

Shekara ashirin da shida ina Dawanau,
basilla a hannu, zare a baki.
Ban taɓa noma ko kunya ɗaya ba,
amma hatsin gari ɗari ya bi ta gabana,
ya wuce ni, ya wuce tukunyar gidana.

Tirela ta shigo, ƙasa ta girgiza.
Gero daga Gumel, wake daga Ɗambatta,
riɗi mai shirin haye teku.
Buhu ya fashe a wuyan ɗan dako,
ƙwaya ta watse kamar an kori taro,
taya ta bi ta kai, ta cuɗe ta da taɓo.
Da yamma na tsaya awo,
mai tiya ya faɗi kuɗi, na ce ya sake,
na zaci kunnena ne ya tsufa.

Alhaji Barau yana da sito bayan layin masara,
kwaɗo uku a ƙofa.
Yana jiran farashi ya hau,
ƙwari kuwa ba sa jiran kowa.
Wata tara aka buɗe, ni aka kira ɗinki.
Gari muka tarar, da wari.
Ya hana ɗan Adam, ya yi wa ƙwaro walima.

Ɗana Nafi'u, mai karatun noma a Bayero,
ya ce, Baba, duniya ba ta rasa abinci ba,
hanya ce ke yoyo tsakanin gona da murhu.
Na ce, yoyo?
Ashe abin da kuke biya wa kuɗin makaranta
shi nake toshewa tun kafin a yi sunanka.
Ya yi dariya, ya kawo min buhu mai riga uku,
a ɗaure bakinsa tamau, iska ba ta shiga,
ƙwaron wake ya shaƙe ba tare da magani ba.
Na juya shi, na duba, ba gurbin basilla.
Na ji haushi. Na kuma saya.

Maƙwabciyata Tabawa a Kurna
ita ke kwashe buhunan da suka fi ƙarfin ɗinki.
Ƙasa, toka, kashin awaki,
ta jera su a kan soro.
Ruwan wankin shinkafa ba ya zuwa kwata a gidanta.
Yanzu alayyafo ke leƙo mu ta katanga,
kuɓewa na gaishe da tauraron ɗan Adam.
In tumatir ya yi arha a 'Yankaba,
har ana zubar da kwando a bola,
sai ta yanka, ta shanya a tabarma.
Tsakiyar damina, miyar kowa ta koɗe,
tata ja wur.

Ita ta kawo shawarar adashen hatsi.
Gida goma sha ɗaya, tiya bibbiyu da kaka,
a duro, a zauren Malam Ilu.
Bara da Gambo direba ya karye,
duron nan ya riƙe 'ya'yansa har sabon gero,
ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Ban ce basilla za ta ɗinke duniya ba.
Akwai manomin da bindiga ta raba da gonarsa,
ina ganinsa nan yana tura baro.
Akwai titin da ke cinye tumatir kafin ya iso.
Akwai ruwan Tiga, akwai ƙasa mai ƙishi,
ba a gama ɗaura musu aure ba.
Wannan yagewar ta manya ce,
su nemo zarensu.

Nawa dai ga shi.
Yaro, ajiye nan, tallabe gindin,
kar ka taka wanda ya zube.
Miƙo min kwano.