Biyar a Cikin Leda

Ranar Laraba Desmond Thackray ya kira ni:
"Sun iso. Shida ne, ɗaya ya mutu a hanya."
Na ajiye bas a gareji, ko rigar aiki ban tuɓe ba,
na nufi shagonsa a titin Hessle
inda tagogi kullum suke gumi.

Ya ɗaga leda a hasken fitila.
Babu wanda ya kai ɗan yatsana a cikinsu,
launinsu na tokar murhun da ya kwana ba wuta.
A jikin ledar an rubuta sunan wani rafi
da shuɗin biro, an ɓata harafi biyu.
Na san rafin.
A bakinsa na koyi iyo da wandon yayana.

Fam tamanin na ƙirga, hannuna bai yi rawa ba.

Da dare Inna ta yi dariya a waya har da tari:
"Waɗannan da ko kyanwa ba ta sunkuya musu?
Ai da ka faɗa, da yara sun cika maka bokiti."
Sai ta yi shiru.
Ta ce, "Af. Kududdufin ma an cike shi bara,
gidan mai aka gina."

Ruwan famfon Hull alli ne zalla,
leƙa cikin butar shayina ka gani.
Na kafa ganga a ƙarƙashin indararo.
A garin nan ba a roƙon ruwa,
da kansa yake zuwa, ba ya ma sallama.
Na tsinto busassun ganye a lambun Pearson
na jiƙa har ruwan ya koma shayi ba madara.
Baƙin yashi a ƙasa. Fitila a rage.
Ni da na girma ina tafa wa sauro hannu,
yau ni ke kiwon tsutsarsa a baho bayan ɗaki.

Akwai abincin da ke rina kifi, in ji wani.
Desmond ya yamutsa fuska.
"Fenti ke nan. Nasu yana nan,
firgita ce ta zauna a kai."

Mako huɗu, toka.
Mako shida, ɗaya ya yi tsalle ta inda murfi bai rufe ba,
Yalwa ce ta tsince shi a kan kafet, ya bushe kamar tsinke.
Ba ta yi kuka ba, amma ta ƙi cin abinci.
Dije ta manna takardar kuɗin wuta a jikin gilashi,
ba ta ce komai ba.

Sai wata asuba cikin Disamba,
ƙarfe huɗu da rabi, takalmi ɗaya a ƙafata,
maza biyu suka haɗu a gindin wani saiwa.
Babban ya buɗe fiffike.
Ja ya taso daga wutsiya,
jan barkonon da aka shanya a kan rufi,
shuɗi ya bi bayansa ƙwaya-ƙwaya
irin na hannun mai rini,
har da wani siririn rawaya a baki-baki
da ban taɓa gani ba
duk shekarun da na yi ina taka su da ƙafa.

Ashe ba don ni ba ne.
Faɗa suke, a kan mace guda
da ko kallonsu ba ta yi.

Na ɗauki hoto don Inna, ya fito dishi-dishi.
Na goge.

Irinsu ba sa shekara, na sani.
In tabki ya ƙafe, ƙwan ne ke kwana a laka
yana jiran damina.
Nawa suna cikin robar man shanu a kan kabad,
na rubuta kwanan wata a murfi.

Ran nan bas ɗin farko ya makara da minti tara.
Wata tsohuwa ta nuna mini agogonta.
Na ce mata ta yi haƙuri.