Kekuna Biyu na Efraín

Efraín, likitan haƙori a Tunja,
shekara hamsin da bakwai, gwiwar hagu na ƙorafi.
Ran Talata siririn keke,
kwalta ta miƙe har Paipa,
iska na share masa gumi.

Asabar sai mai kaurin taya:
tsakuwa, gonakin dankali,
laka har gira.
A hawan ƙarshe
numfashi ya zama bashi.
Wata tsohuwa mai kora tumaki
ta wuce shi a ƙafa, ta ce masa sannu.

Babu kofi, babu mai tafi.
Amparo ta dubi agogon kicin:
"Ka fi makon jiya da minti biyu."
Bai ce komai ba.
Ya wanke sarƙar keken
kafin ya wanke fuskarsa.