Zanen Toka

Da kuɗin riɗi suka shigo hannu
na haɗa da na bijimin da na kai Maigatari,
na kira Barau magini, ya zo da igiya da turaku.
Hansai ta kwaso toka a tsohon kwano.
Muka tsaya a filin bayan gari
inda bara na shuka wake bai yi ba.

Barau ya ce, kafin zaure, kafin ɗaki,
nuna mini inda ruwa yake bi,
gini ba ya ja da damina ya kwana lafiya.
Na nuna masa gangaren kudu.
Ya tsuguna ya zana da yatsa: nan rariya.
Abu na farko ke nan a gidana,
hanyar da ruwa zai fita.

Sai zaure, taku shida,
ya ɗauki tabarma biyu da babur ɗina.
Masai can ƙurya, nesa da rijiya,
bai kalli alƙibla ba, bai juya mata baya ba.

Inna ta iso tana dogara sanda
ta ce ƙofarta gabas,
tana son hantsi ya same ta a gwiwa.
Barau ya ce, Inna, ta nan hadari ke tasowa,
zai shigo miki har gado babu sallama.
Ta ce, shekara saba'in ina kallon hadari,
yau kai ne za ka nuna mini shi?
Muka juya ƙofar kudu, muka bar mata taga a gabas.
Ta ce ba ta yarda ba.
Ta shiga tsakiyar zanen ta zauna.

Hansai ba ta yi gardama ba.
Ta ce dai madafa ta kalli tsakar gida,
shekara tara tana girki tana hira da bango.
Na duƙa ina buga turke,
na ɗago na ga layin ɗakina ya matso,
taku ɗaya cur ya koma wajen murhu,
ga toka a bakin takalminta.
Na yi kamar ban gani ba.

Da la'asar Barau ya bi zanen yana ƙirga.
Huɗu ka ce mini, ga biyar.
Wannan na jikin zaure, na wa ne?
Na duba.
Daidai inda mutum zai ji sallama tun daga waje,
daidai faɗin gadon kara da buta da buzu.
Damina uku ke nan da muka kai Baba makwancinsa,
hannuna bai samu labari ba.
Na ɗaga ƙafa zan share,
Inna ta ce daga ɗakinta marar bango,
bar shi, Yusha'u,
gida ba ya rasa wanda dare zai yi wa.

Muka yi lissafin bulo da kwano da siminti,
kuɗin suka tsaya a ɗaki biyu da zaure.
Sauran sai wata kaka,
in Allah ya kai mu, in riɗi ya yi daraja.
Wata akuya ta ratsa turakata ta fita ta madafa,
ba wanda ya ce mata kul.

Uwale ce kaɗai, 'yar shekara huɗu,
da kakarta ta kira ta,
ta zo bakin layin ta tsaya cak.
Ba ta tsallaka ba.
Ta bi tokar a hankali, ta kewaya
har inda muka bar giɓin ƙofa,
ta tuɓe takalmi,
ta ce salamu alaikum.