Sai Dai Idan

Nassi goma sha bakwai gare ni,
duk na tauna su har ƙashi.
Na san inda tarkon na uku yake kwance,
na san amsar na tara tun ban buɗe shi ba.
Wannan ya tashi daga karatu, ya koma tilawa.

Saura kwana arba'in da ɗaya.
Ƙofar makarantar shari'a faɗin shafi guda ce:
karanta cikin minti takwas,
faɗi abin da mai rubutu ya ce,
da abin da ya haɗiye amma yana nufi.
Wanda ke kike so ya ce kuwa, tofar da shi.

Na je wurin Mutari mai fotokofi, bakin Kasuwar Dole.
Ya lashi yatsa, ya tona tarin takardu,
ya miƙo mini sha bakwai ɗin nan dai,
sun daɗa koɗewa kamar sun yi jinya.
Dala biyar shafi, in ji shi, kuma kuran ya ɗauke.

Wadda ta ci bara ta ba wani nata,
wanin ya hau mota da su zuwa Yamai.
Har takardar da aka ƙunsa mini tsire na warware,
rabin jumla na samu, mai ya shanye saura.
Har yau ban san wa aka kama da laifi ba.

Aka ce in gangara Birni, gidan Malam Barmu,
wanda ya yi shekara talatin yana rubutu a kotu.
Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado.
Gara ta ci gefe, ta bar mana tsakiya:
rikicin gona a Mirriya,
gadon raƙumi biyu tsakanin mutum bakwai,
katangar da ta ci taku uku na maƙwabci.
Na ce, Baba, to ina tambayoyin?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Furera, wa ya taɓa kawo ƙara
da amsa huɗu a gindinta, ki zaɓi ɗaya?"

Tun daga ranar ni ce mai tambaya, ni ce mai amsa.
Ƙarfe biyu na dare, jarkokinmu a layi,
muna jiran famfo ya tuna da unguwarmu,
ina bisa dutse da hasken salula,
ina yi wa kaina tarko, ina faɗawa,
ina fitowa da ƙura a gwiwa.

A daren Laraba Inna Zuwera ta matso,
ta kwance bakin zane, ta ciro takarda ninki huɗu.
Keken ɗinki za a ba ta bashi,
gobe da safe za ta dangwala yatsa.
"Ke da kike jin Faransanci, me ta ce?"

Shafi ɗaya da rabi. Ya tafi sumul
kamar hannun mai lallashi.
Wata goma, biya kaɗan-kaɗan, keke ya zama nata.
Can ƙasa, inda ido ya riga ya gaji,
ga ƴan kalmomi sun laɓe:
sai dai idan.
Sai dai idan ta makara sau ɗaya,
a ɗauke keke, abin da ta zuba kuma ya bi ruwa.

Na karanta sau uku. Ban duba agogo ba.
Na faɗa mata da Hausa, a hankali.
Ta yi shiru, ta dubi babban yatsanta,
ta goge shi a zane tun bai taɓa tawada ba.
"To, me za mu ce su gyara?"

Wannan babu shi a sha bakwai,
babu shi a akwatin Malam Barmu.
Na juya bayan takarda, na cire marfin biro,
sai famfo ya yi tari,
kowa ya tashi da gudu,
mu biyu muka bari layi ya wuce mu.