Kamu Biyar na Farin Zare

Shekara talatin ina kan keken ɗinki.
Na san zaren da shadda ke so,
na san wanda ke tsinkewa tun kafin a yi wanki.
Amma ran da Barkindo ya dawo daga Ikko
ya dire mini ƙunshin tanar roba a kan tebur,
sai na koma ɗan koyo.

Tana ce marar rai,
tsawon yatsa da rabi, mai ɗanɗanon gishiri,
ba kai, ba wutsiya.
Ya ce, "Kawu, soke ta a tsakiya,
ka jefa, ka ƙyale ta.
Nutsewarta ita ce rawarta."

Asabar na shiga motar Dadin Kowa
da lailon mai kauri, don tsoron asara.
Na jefa. Zaren ya kwanta bisa ruwa a murɗe,
ya riƙe tanar kamar akuya a turke,
ba rawa, ba rangwaɗa.
Giwan ruwa ya taso, na ga inuwarsa,
ya duba, ya juya mini ƙeya.
Baba Kwairanga na cikin kwalekwale yana kwashe ruwa,
ya ce, "Tela, wannan igiya taka
ko makahon kifi ya lalubo ta."

Wata Asabar na zo da siriri kamar gashin jariri.
Tana ta sauka tana kaɗa gefe biyu,
sai sanda ta rusuna,
sai zuciyata ta hau maƙogwaro.
Kifi ya ja ni zuwa kututturan nan
da ruwa ya haɗiye tun ina yaro,
ya zaga ɗaya.
Tas.
Na koma Gombe da guntun zare
da labarin da ba wanda ya saya.

A kasuwa Zailani ya zazzage mini akwati.
Ga wani kore, kitsattse, ba ya miƙewa,
ya ce ko tari kifi ya yi a ƙasa
zan ji shi a tafin hannu,
sai dai a ruwa mai haske ba ya ɓuya.
Ya ciro wani daga aljihu, fari garau,
mai taurin kai, mai nutsewa da kansa,
kuɗinsa ɗinkin kaftani uku.
Na sa haƙori, halin tela.
Na goga shi a bakin benci har Zailani ya ɓata rai.
Bai yi gashi ba.
Na ce yanko mini kamu biyar,
koren kuma a ba ni duka.

Da dare aka ɗauke wuta.
Hansatu ta riƙe mini tocila tana hamma,
ina ɗaura aure tsakanin baƙi biyu,
ɗaya laushi, ɗaya santsi.
Ƙullin farko ya zame.
Na biyu ya zame, ta yi dariya.
Na uku na jiƙa shi da yawu,
na ja har ya bar mini shaida a yatsa.
Ta ce, "Baba, duk don kifi?"
Na ce je ki kwanta.

Yanzu ga ni, rana ba ta gama fitowa ba.
Kore a hannuna, fari a cikin ruwa,
tana tana sauka inda idona bai kai ba.
Ina ƙirga: bakwai, takwas.
Baba Kwairanga ya ɗaga filafili, ya yi shiru.
Iska ba ta motsa ba,
amma zaren ya fara tafiya hagu
a hankali,
kamar ɗinkin da wani ke yi daga ƙasa.