Lamba Uku

Da la'asar sunayen suka iso.
Ina Farin Gada, buhun dankali a kafaɗa,
waya ta yi tsuwwa a aljihu.
Na jingine buhu, na goge hannu a wando,
na karanta daga sama zuwa ƙasa,
na sake daga ƙasa zuwa sama
ko Allah ya sa na tsallake kaina.
Mutum ashirin da takwas.
Babu Tanimu.

Shekara sha huɗu ina sa lamba uku.
Lamba uku ba ta kwalliya,
ba ita masu hoto ke bi ba.
Nata ta sunkuya, ta ba da kafaɗa,
biyar na ingizo ta daga baya,
takwas na jiran ta a gaba,
ta ce wa ƙasa: riƙe ni.

Kunnuwana sun nannaɗe kamar ganyen kabeji.
Haƙorin gaba a Legas na baro shi.
Gwiwar hagu kuwa duba ta koya:
kafin hadari ya haɗo kan Dutsen Shere
ta riga ta gaya mini.

Koci ya kira bayan magariba,
yana ta kewaye kamar ɗan acaɓa a Taminus:
"Ka gane, shekara huɗu gaba ake hange..."
Na gane.
Shekara huɗu gaba ina da arba'in da ɗaya.
Na ce ya gaida gida.

Da Davou muka faro, da Zakka, da Ilu Dogo,
a filin da tsakuwa ta fi ciyawa yawa.
Masu wucewa su tsaya suna dariya:
"Ƙarti na kokawa a kan gwanda!"
Shekarar da gari ya tsage biyu,
kowa ya san titin da ba ya tsallakewa,
mu dai Asabar ba ta wuce mu ba:
kan Davou a jikin nawa, hannuna a bayansa,
gumi bai tambayi sunan kowa ba.
Yau Davou na kiwon kaji a Bukuru,
Zakka sai da sanda.
Ilu, Allah ya jiƙan Ilu.

Amma na ga suna a layi na uku.
Nandom.
Yaron da ke ɗauko mana ruwa a jarka.
Tsohon takalmina ya fara sawa,
ya cusa jarida a ciki don ya zauna.
Ni na ce masa: baya a miƙe kamar tebur,
ido a buɗe ko da kai zai fashe.
Bara ya ture ni taku uku a atisaye
har na ɗanɗani ƙasa.
Ya miƙo hannu: "Sannu, Baba."
Baba!
Faɗuwar ba ta kai wannan ciwo ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji ɗaci.
Tuwon dare ya tsaya a wuya.
Sajida ta kawo man zafi, tana murza gwiwar,
ta ce, "Abba, to yanzu ka huta?"
Na rasa amsar 'yar shekara tara.

Zari-ruga doka ɗaya gare ta mai ban haushi:
gaba kake gudu,
amma ba a jefa ƙwallo gaba.
Sai ka waiwaya,
ka miƙa wa na bayanka
kafin a kai ka ƙasa.
Na daɗe ina yi wa yara ihun wannan,
ashe da ni nake.

To, na miƙa.
Ba da fara'a ba, amma na miƙa.

Sai dai ku gaya wa Nandom,
motar Abuja sai Litinin.
Asabar ina fili, bandeji a kunne.
Ya zo ya sake ture ni in gani,
don wallahi ba zan sassauta masa ba.
Waɗanda zai tarar a can
ba za su ce masa sannu ba.